Ƙaramin Yatsan da Jaki Bai Taka Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa.

Daga tsohuwar ɗakin gabas a gidan marigayi Malam, nan Aliero, zuwa ga babban ɗan gidan nan, yayan Sanda. Ina gaishe ka gaisuwar uwa. Ina roƙon Allah Ya kwantar maka da ruwan gulbi, Ya kare ka daga sharrin hanya da na mutanen hanya, kai da matarka Kulu da angona, ɗan jaririnku Ummaru. Amin.

Bayan haka, na san za ka yi turus in ka gane rubutun nan nawa ne. Tun da ka yi wayo, maganata da kai ba ta wuce "an gode" da "Allah Ya yi albarka" ba, su ma sai na karkata fuska wajen bango. Kai ne ɗan fari, haka muka tarar ana yi, haka na yi. Sunanka ma bai saba da bakina ba. Mahaifina ya koya mini riƙon alƙalami a makarantarsa ta Jega don in riƙa yi wa mata rubutun sha, bai san wata rana da shi zan yi wa ɗan cikina magana ba. To, takarda ba ta da idon da za ta kalle ni, don haka yau sai ka yi haƙuri da surutuna. Zan naɗe ta cikin wani tsohon majanyi in ba Kulu, in ce kada ta miƙa maka sai jirgi ya rabu da bakin gulbin Jega, lokacin da ba ka da halin juyowa ka same ni.

Bari in fara da abin da na daɗe ina haɗiyewa. Ina alfahari da kai. Ga shi na rubuta, na ɗaga kai, rufin ɗaki bai faɗo mini ba, to bari in ƙara. Shekarar da Nasara suka aiko a ba su masu ɗaukar kaya, dogarin hakimi ya tsaya a ƙofar gidan nan ya kira mahaifinka, shi kuwa ƙirjinsa ya riga ya fara ciwon da ya tafi da shi. Ina bayan zana na ji ka ce, "Malam ba shi iyawa. Ni ka zuwa." Ka tafi, ka dawo wuya a sanƙare, ƙafa duk faso, ba ka zauna kana ba kowa labarin wahala ba, washegari kana fadama kana ban ruwa. Mata suka shigo yi mini barka, na ce musu, "Wa? Au, ashe ya komo." Suna fita na shige ɗaki na yi sujada. Yau kuma ga shi kai ne na farko a unguwarmu da ya yi ƙarfin halin loda albasa da gabu a jirgi, ya nufi ƙasan kogin Kwara, inda aka ce Nasara na shimfiɗa ƙarfen jirgin ƙasa, ma'aikata na neman kayan miya ido rufe. Wasu na cewa ganganci ne tafiya irin wannan da mace da jariri. Ni dai na san wanda na haifa.

Amma akwai magana guda da na ji daga bakinka, ita ta sa na ɗauko tawada.

Shekaranjiya da hantsi kana tsakar gida kana ɗaure kayan gabu, Ummaru ya tsala kuka a kan tabarma. Kulu ta ajiye ludayi ta nufe shi, sai na ji ka ce:

"Ke Kulu, bar shi. Ya sha nono ya ƙoshi, mi yar rage? Shi yi kukanai, in ya gaji shi yi shiru. In kinka saba mashi da hannu, wa ka ɗaukam miki shi can inda za mu? Ni da kinka gani ba wanda yat taɓa goya ni, ga ni kuwa."

Kulu ta tsaya hannuwanta a miƙe, sannan ta mayar da su ta naɗe a ƙirji. Na ga gaban zaninta ya jiƙe da nono. Ta koma ta ɗauki ludayinta. Yarinya ce mai biyayya, kuma abin da ya tsorata ni ke nan. Nan gida in ka hana ta, ina nan, sai in fito in ce angona nake so, in sure shi, babu mai hana kaka. Can inda za ku, daga kai sai ita. Abin da ka ce shi za a yi, ko da yaron zai shiɗe.

Kuma da ka ce ba wanda ya taɓa goya ka, da fahariya ka faɗa, kamar mai nuna takobin gado. Ba laifinka ba ne, mu muka bar ka a kan haka. Cire takalminka na hagu, ka dubi gurbin ƙaramin yatsanka. An gaya maka jaki ne ya taka shi kana rarrafe. Ba a taɓa yi wa jaki ƙazafi irin wannan ba, Allah Ya ba shi haƙuri. Ga yadda aka yi.

A Jega na haife ka, gidan iyayena, can na yi wankan jego. Gida ne mai jama'a, kafin ka buɗe baki wani ya sure ka. Da na yi arba'in aka mayar da mu Aliero, hannun kakarka Inna, uwar mahaifinka, mutuniyar Maiyama. Kai ka san ta da tsufa tana ɓoye maka ƙuliƙuli a bakin zani. Ni na san ta da ƙarfinta, lokacin da in ta yi gyaran murya kaji ma sukan nutsu. Ranar da muka iso ka yi ɗan kuka, na kai hannu, sai ta ce:

"Jega anka lalata shi. Kowa ɗauka, kowa jijjiga. Nan gidan manoma na, ɗiyan gidanga ƙasa suka girma. Ki ba shi nono ki aje shi. Kuma ɗan hwari na, kar in ga kina lallashinai gaban mutane."

Ba mugunta ta sa ta ba. Ta haihu da yawa, ta rene su tsakanin daka da ɗiban ruwa da fadama, ta kuma yi imani yaron da ya saba da hannu ba ya iya rana, in ya girma shi ne mai neman inuwa ana noma. Duk matan unguwa haka suka yarda. Ni kuwa yarinya ce, so nake a ce ɗiyar malam ta san kunya, sai na fi su iya abin nasu. Ina ba ka nono ina kallon rufi, kana saki in shimfiɗe ka in koma kan kaɗina. Wanka ma Inna ke yi maka, don ba a ganin uwa tana jujjuya ɗan fari. Idon Inna kuwa ya fara yana, amma ba ta yarda a faɗa ba.

Lokacin dashen albasa ne, maza na fadama, mu mata muna kaɗin audugar da aka tsinko. Ina zaune da mazari, kana kwance kusa da ƙafata, ga zare ko'ina. Sai ka fara wani kuka da ban san ka da shi ba, siriri, ba ya yankewa. Ko nono na ba ka sai ka kama ka saki ka ci gaba. Jikina ya ba ni akwai abu. Na gaya wa Inna, ta ce, "Shagwaɓa ta. Gwada ki shika yi. In kinka ɗauka yau, kin ɗauka har shi yi gemu." Aka kwana aka tashi kukan bai tsaya ba. Aka ce ko iska ce, aka yi maka turare, aka ba ka rubutu, wanda ni da hannuna na rubuta. Ka ji wauta: na iya rubuta maka aya, amma ban iya kwance tsumman da aka naɗe maka ƙafa da shi saboda sanyi in duba ba. Kowa na neman dalili a sama, babu wanda ya dubi yaron.

Kuskurena ke nan, kuma ban rataya wa Inna shi ba. Ita ba ta gani sosai. Ni idona garau, kunnena ya ji bambancin kukan, amma na zaɓi a yabe ni.

Ranar da Allah Ya taimake mu, ana suna a maƙwabta, mata duk suka tafi aka bar ni da kai. Zuwa azahar muryarka ta dushe, baki a buɗe amma sautin da ke fita kaɗan ne. Wannan ya fi kukan ba ni tsoro. Na saki asabari, na ɗauke ka, na tuɓe ka a cinyata, abin da ban yi ba tun Jega. Na bi ka da hannu tun daga maɗiga, bayan kunne, wuya, hammata, cibiya, har na iso ƙafar hagu. Ƙaramin yatsan ya kumbura ya yi baƙi kamar ɗinya. Silin zare ne daga kaɗina ya naɗe shi, ya nutse cikin nama har ba a ganinsa sai an buɗa.

Ban san lokacin da na saɓa ka a baya ba. Majanyi ma ba ni da shi, da mayafina na ɗaure ka, na fita kai a buɗe. Gidan wanzami yana bayan kasuwa, hanyar kuwa ta ƙofar gidan sunan ta bi, mata na shiga suna fita. Na ratsa ta gabansu da rana tsaka, ɗan fari a bayana, ina gudu ina kiran sunanka da ƙarfi, ina cewa kada ka tafi ka bar ni. Sau ɗaya ke nan a duniya da sunanka ya fita bakina, kuma rabin gari ya ji. Na ji wata tana cewa, "Lalle ɗiyar Jega ta zubar da kunya." Ko waiwaye ban yi ba. In ka tambaye ni ranar da na fi alfahari da kaina, ita ce wannan, ko da yake na makara.

Wanzamin ya sa bakin aska ya tsinke zaren, ya wanke wurin ya sa magani. Ya ce, "Yatsa dai ya mutu, za shi hwaɗuwa da kainai. Amma ki gode Allah, ɗiyata. Da kin daɗa kwana, ƙahwa muka zance, ko abin da yaf fi ƙahwa." Kafin mu iso gida ka yi barci a bayana, ina jin numfashinka a tsakanin kafaɗuna.

Na shiga gida na shirya wa faɗa. Inna ta karɓe ka, ta kai ƙafar dab da idonta, ta daɗe tana shafawa. Sai hawaye suka zubo mata. Can ta ce, "In ya girma ya tambaya, jaki yat taka shi." Ba ta son a riƙa tunawa da gidanta a ce nan ne jariri ya yi ta kuka ba a duba ba, ba ta kuma son ka tashi kana jin ana cewa uwarka ta yi abin kunya a kanka. Washegari da safe ta zo ƙofar ɗakina, ta jefo mini wani majanyi saƙi wanda ta goya mahaifinka da shi. Tana kallon wani wuri daban ta ce:

"Ni na tahi hwadama, ba ni komowa sai la'asar. Ki saki asabarinki, iska na shigowa."

To daga ranar, yayan Sanda, ka sha goyo. Inna na fita sai in saki asabari in ɗaure ka, in yi kaɗi da kai, in yi niƙa da kai, in yi maka waƙoƙin da ba su da kan gado. Da la'asar in ta iso sai ta tsaya a zaure ta yi tari mai tsawo, in sauke ka in shimfiɗe, ta shigo ta tarar da mu kamar ba mu san juna ba. Haka muka yi har yaye, aka kai ka Maiyama wurin danginta kamar yadda ake yi wa ɗan fari, ka dawo da wayonka ka tarar da uwa mai kallon bango. Shi ya sa ba ka tuna ba. Duk cikin 'ya'yana babu wanda ya daɗe a bayana kamarka, kuma babu wanda ya kai ka jure rana. Da wannan ƙafar mai giɓi ka ɗauki kayan Nasara ka kai ka dawo. Sai ka auna maganar sabo da hannu da kanka, tunda kai ne shaidarta. Majanyin da ka kwance ka ciro takardar nan, shi ne na Inna.

Don haka ka saurare ni. Jariri kamar Ummaru ba shi da wayon gwada kowa. Kukan nan shi ne bakinsa, da shi yake cewa yunwa, da shi yake cewa zafi. In ya yi kuka ku duba shi kafin ku yanke masa hukunci. A tuɓe shi a wurin haske, a bi shi da hannu har tsakanin yatsu, a duba igiyar layarsa ko ta matse. Jirgin da ke ɗauke da albasa ba ya rasa cinnaka, gulbi kuma ba ya rasa sauro. In kun duba ba ku ga komai ba, a ɗauke shi duk da haka. Yaro ne da aka raba da ɗakin da ya sani aka ɗora bisa ruwa, in tsoro ne kawai ke damunsa, ai tsoron ma abu ne. In kuma Kulu ta ce maka kukan yau ba irin na jiya ba ne, ka yarda da ita ko da duk mutanen jirgi sun ce shagwaɓa ce. Ni na ji irin wannan a jikina na danne, kai ka rasa yatsa.

Kada kuma ka ce tsohuwa ta ce a bar yaro ya yi abin da ya ga dama. Sangarta gaskiya ce, na san ta, don ni na yi ta da hannuna, sai dai ba a kan tabarmar jariri take farawa ba. Dubi ƙanenka Sanda. Bayan abin da ya same ka sai na zama ba na iya jin kukan yaro, shi kuwa auta ya gane haka tun yana tatata. Ya kai ya san wuta ya san ruwa, ya shiga fadamar maƙwabcinmu ya tuge irin albasa fangali guda don wasa. Mutumin ya zo har gida da irin a hannu. Mahaifinka ya ɗauko tsumagiya, Sanda ya kwarara ihu tun ba a taɓa shi ba, na fito na rungume shi na ce yaro ne. Na yi ta cewa yaro ne har gashin baki ya fito masa. Kai ka san wahalar da ka sha kafin ka miƙar da shi, da ka riƙa tasa shi gaba da jakuna zuwa kasuwar Jega yana tafe yana ƙunƙuni. Yau da za ka bar masa fadama ka tafi hankali kwance, aikinka ne, ni ba ni da rabo a ciki. To ranar da Ummaru ya fara jin "bari", ya kalle ka ya ƙara, ranar ce za ka ɗaure fuska. Ka hana shi, ya yi kukan, babu abin da zai same shi. Amma kafin wannan ranar akwai sauran lokaci, kada ka yi wa ɗan jariri horon mai yawo da ƙafarsa.

Saura maganar kunya, don shi ma ɗan fari ne a wurinka, kuma na ga yadda kake ratse tabarmarsa kamar an shimfiɗa ta a bakin rijiya. Ban ce ka yar da al'ada ba. Ka ɓoye sunansa in ka so, ka kira shi "yaron nan" har ka tsufa, ni ma da haka na tsufa. Amma kunyar ta tsaya a baki, kada ta sauko hannu. Can inda za ku babu Inna, babu matan unguwa, babu ni. Kulu za ta yi girki ta yi wanki, wa zai riƙe mata? Kunyar wa za ka ji a tsakiyar gulbi, ta kifi? Mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa ɗora ka a cinya ba. A ciwonsa na ƙarshe, wata rana da ka gyara masa shimfiɗa ka fita, ya bi bayanka da kallo ya ce da ni, "Ko nauyinai ban sani ba." Ba na son ka kai shekarunsa ka faɗi irin wannan.

Ka riƙe Kulu da kyau, ka raba ta da uwarta da ni a lokaci guda, yanzu kai ne danginta. Ka tsare salla ko a cikin jirgi ne. Kada ka zuba ruɓaɓɓiya a ƙasan kaya ka rufe da mai kyau, ko da mai sayen ba ya jin Hausa. Waɗannan ka san su, ba sai na tsawaita ba.

Gobe in za ku tashi ba zan fito rakiya ba. Za ka zo ka tsuguna a ƙofar ɗaki, in ce Allah Ya kiyaye ina kallon bango kamar kullum. Kada ka ɗauka bangon nake so.

Ɗazu Kulu ta kawo mini angona sallama. Na tuɓe shi na ƙirga yatsunsa, hannu da ƙafa, duk sun cika. Haka na ba ka shi, haka nake so ka dawo mini da shi. Yanzu ka ajiye takardar nan ka miƙa wa Kulu majanyin, amma kafin ta goya shi ka karɓe shi tukuna, ka ji nauyinsa.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya saukar da ku cikin mutanen kirki, Ya sa albarka a albasarka da zuriyarka. Ya tsare ku daga zazzaɓin ƙasar da ba ku sani ba, da zaluncin mai ƙarfi, da ha'incin abokin tafiya. In da sauran kwana Ya nuna mini dawowarku, in kuwa babu, Ya tara mu a gidan rahama.

Na kira sunanka sau ɗaya a hanyar kasuwar Aliero don kada ka tafi, Allah Ya amsa mini. Yau zan sake, don ka tafi ka dawo.

Allah Ya yi maka albarka, Haliru.

Wassalam, daga mahaifiyarka.